Titin Stockport Bayan Tafiyar Katin Waya

Wanda ya san titin Stockport na Manchester shekara ashirin da suka wuce, in ya bi ta kansa yau daga Longsight zuwa Levenshulme, zai ga gilasan shaguna sun washe. A da mutum ba ya hango cikin shago daga waje, domin takardun tallan katin waya sun lulluɓe gilashin daga sama har ƙasa. Tutocin ƙasashe ne a jere, ga ta Pakistan, ga ta Bangladesh, ga ta Jamaika da Somaliya da Gana da Nijeriya, kowace da yawan mintocin da fam biyar zai saya a rubuce a gefenta. Yanzu masu gyaran waya da masu sayar da sigarin lantarki sun gaje wurin da fitilunsu masu ƙyalli. Inda ragowar takardar ta tsira a wata kusurwa, danshi ya riga ya cinye launinta. Ba a yi shelar tafiyar katin ba, ba a yi masa ban kwana ba. An dai wayi gari yaron kanti bai san abin da ake tambayarsa ba.

Katin ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗan falle ne da bai cika tafin hannu ba. Mutum ya miƙa fam biyar, ya lalubo kwabo a aljihu ya kankare bayansa har lambobin sirri su fito. Daga nan sai aikin haƙuri. A danna lambar kamfani, a saurara, a danna lambobin sirri, sannan 00 234, sannan 64 in Kano ake nema, 69 in Zariya ce, 60 in Sakkwato. Aka kuskure lamba ɗaya, sai a koma farko. Muryar wata mata ta faɗi mintocin da suka rage, kowa kuma ya san ba za su cika ba, don akwai kuɗin haɗa layi da wasu 'yan cire-cire da aka rubuta da ƙananan baƙaƙen da ba mai karanta su. Kafin wayar GSM ta shiga Nijeriya a 2001, gidaje ƙalilan ne ke da layin NITEL. Sai a kira gidan wani Alhaji a unguwa, a roƙi arziki a tura yaro ya kirawo Hajiya, a ajiye, a ƙirga minti goma, a sake kira. Wata rana a dace. Wata rana kuwa tsohuwa ta yafa mayafi ta zo ta zauna a falon mutane har la'asar sakaliya, wayar ba ta sake yin ƙara ba.

Babban abokin gabar katin shi ne gaisuwar Bahaushe. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya ƙoƙari, ina labari, sai alheri, to madalla. Kowa a gidan sai ya karɓi kan wayar ya yi nasa zagayen, har jaririn da bai iya magana ba sai an kara masa a kunne ya gai da kawu. Mai kira yana tsaye a Ingila yana jin kuɗinsa na tsiyayewa, amma wa ya isa ya ce wa mahaifiyarsa ta taƙaita? Sau da yawa maganar da aka sayi katin dominta, ta kuɗin makaranta ko ta sa ranar auren ƙanwa, ita layin ke yankewa a tsakiyarta.

Levenshulme unguwa ce a tsakanin tsakiyar Manchester da garin Stockport, kimanin mil uku daga kowannensu, kuma a 1909 aka haɗe ta da birnin. Gidajenta jerin jan bulo ne manne da juna, bango ɗaya tsakanin mutum da maƙwabcinsa, da siririn lungu a baya. 'Yan Ailan ne suka daɗe da kafa ƙafa a cikinta, sai 'yan Pakistan suka biyo da masallatai da shagunan nama, daga baya Larabawa da Somaliyawa da mutanen gabashin Turai da na Afirka ta Yamma. Hausawa ba su taɓa yin yawa a wurin ba. Ɗalibin jami'a ne da iyalinsa, ko likita, ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗan Zango daga Kumasi. Saboda ƙarancin nan, jin Hausa a cikin bas mai lamba 192, wadda ke zirga-zirga a titin daga Piccadilly zuwa Hazel Grove, abu ne da ke sa mutum ya juya da sauri. A yi sallama, kafin a kai Ardwick an san garin juna da unguwa, an rubuta lambar wayar gida a bayan tikiti, ranar Lahadi kuma akwai tuwo.

Yau ma ana jin Hausa a 192, har fiye da da. Bas ɗin ce dai ta sauya launi ta koma rawaya tun Janairun 2025, lokacin da hanyar ta shiga tsarin Bee Network na hukumar yankin, kuɗin shiga fam biyu, a ɗora kati ko waya a wuce. Amma mai Hausar yanzu da abin saurare a kunnensa. Da wani a Kaduna yake hira, hirar kuma ba ta da mita, ba ya bukatar ɗan gari. Wanda ya juya don ya gaishe shi sai ya ji nauyin katse masa magana, ya koma kallon taga.

Ba za a ce wannan asara ce zalla ba, kuma duk wanda ya ce haka bai taɓa samun labarin rasuwar mahaifinsa bayan an yi sadakar uku ba. A zamanin kati, labarin gida yana zuwa a makare, wani lokaci a tace. Wanda ba ya rubutu sai ya ɗauki magana a kaset ya ba matafiyi, a zo a kunna a ɗaki, a ji carar zakara da muryar mai talla a bayan maganar Inna, a yi ta maimaitawa har zaren ya tauye. Sashen Hausa na BBC tun 1957 ya fara magana daga Landan, amma Afirka ake nufi da shirin, don haka mazaunin Manchester ya fi manomin Bichi wahalar kama shi. Da WhatsApp ya kawo kiran murya a 2015, na bidiyo kuma a 2016, sai aka shiga wata duniya. Kaka tana ganin haƙorin jikanta na farko ranar da ya tsiro. Ana ɗaura aure a Katsina, ɗan'uwa a Levenshulme yana shafa fatiha tare da jama'a. Matan da a da sai sun jira maigida ya sayo kati ya tsaya a kansu, yanzu kowace da wayarta da ƙawayenta. Har Hausar yara ta amfana, domin wanda ke gai da Hajiya kullum ba ya rasa sannu da ina kwana a bakinsa, ko da sauran maganar ta koma Turanci.

Sai dai nisa, duk da zafinsa, ya kasance garkuwa. Da farko filashin aka fara, a kira a katse, ma'ana kai da ke Turai ka kira. Yanzu bukatar tana shigowa kai tsaye, a kowace sa'a, da hoton takardar asibiti a haɗe. A 2015 fam ɗaya bai wuce kimanin naira 300 a farashin hukuma ba. A 2024 ya haura naira 2,000. Na gida yana yin lissafi da wannan, ya ga albashin ɗan'uwansa ya zama dukiya, bai ga kuɗin haya da harajin gida da na gas ba. Wanda ke nan kuma ba ya iya cewa babu, don babu daga bakin ɗan Ingila ba ta shiga kunnen kowa. Ta wannan ƙofar 'yan damfara ma suka shigo. Wani ya kira da ladabi, ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiyar gari yake, za a yi taro da daddare, a karanto masa lambobi shida da aka turo yanzu. Wanda ya karanta, kafin isha'i an karɓe masa WhatsApp, ana ta roƙon kuɗi da sunansa a wurin surukai. Katin da ya ɓace yakan cuci mutum mintoci ne kawai.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a shekarun baya da ƙafar ake yin ta, ko da ƙafar motar haya ce. Haihuwa a Birmingham na nufin a cika mota a Manchester da asubahin Asabar, a bi babbar hanyar M6 kusan awa biyu, da kulolin waina da miyar taushe a but. A kwana a falo, maza a ƙasa, mata da yara a sama, a yi hirar gida har dare ya raba. Yanzu ana yi, amma da yawa sun koma barka ta saƙon murya da ɗan abin da aka tura ta banki. Wanda ya daure ya tafi kuma yana da sabon tarko a gabansa. Tun Yunin 2021 tsakiyar Birmingham ta zama yankin da tsohuwar mota mai hayaƙi ke biyan fam takwas a rana. Ba shinge, ba ɗan sanda, ba mai tsayar da kowa. Kyamara ce ke ɗaukar lamba, in ba a biya ba, bayan kwanaki takardar tara ta fam 120 ta faɗo ta ƙofar gida. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma irin wannan makantar ta fi yawa a ƙasar da hukunci ke zuwa cikin ambulan mai ruwan ƙasa, ba da ihu ba.

Maganar waina ta kai mu kicin, inda canjin ya fi daɗi. Na farkon zuwa sun yi tuwo da garin semolina ko niƙaƙƙiyar shinkafar shagon Indiyawa, sun yi miya da alayyafon kanti mai ruwa-ruwa. Naman halal bai taɓa zama matsala ba, kuma wannan bashi ne da Hausawan Manchester ke ɗauke da shi na 'yan Pakistan da suka riga su share hanya. Amma kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji sai an yi sautu. Wanda zai dawo daga gida shi ne sarki na mako guda. A taru a buɗe jakar, warin daddawa ya cika ɗaki duk da leda uku da aka naɗe ta da su, a raba da cokali, kowa ya kai nasa firiza ya riƙa tsakura kamar magani. Yanzu shagunan kayan Afirka sun bazu a Longsight da Moston da Cheetham Hill, akwai doya da manja da gero da zoɓo, akwai matan da ke yin fura da dambu a gida a yi oda ta waya. Tsire ma ana samu, ko da yake sau da yawa mai gasawar ba Bahaushe ba ne, kuma ƙuliƙulin bai ji ba.

Abu ɗaya bai sauya ba. Doka ta hana matafiyi daga Afirka shigo da nama ko madara da dangoginsu cikin Birtaniya, don haka kilishi da dambun nama da man shanu haramtattu ne a filin jirgin Manchester, komai kyan naɗinsu. Kowace shekara sai an sami wanda gwaggonsa ta cusa masa kilishi a tsakanin kaya ba da saninsa ba, ko da saninsa, ya tsaya yana kallo jami'in kwastan ya jefa tsarabar a kwandon da za a ƙona. Wanda nasa ya tsallake kuwa ba ya faɗa da ƙarfi.

Tsarabar ma ta juya baya. Iyayen da suka haɗa lefe a shekarun 1980 sun san darajar atamfa 'yar Ingila, kuma ba da nisa ake buga ta ba. Masana'antar ABC tana garin Hyde ne, 'yan mil kaɗan gabas da Levenshulme, kafin a mayar da aikin Gana a shekarun 2000. A da daga Manchester ake kai atamfa Kano. Yau matar da ke zaune a Levenshulme tana zaɓen zane a Kantin Kwari ta hoton waya, telanta na Kano ya ɗinka, a auno a kilo a turo mata kafin Sallah, sannan ta yi ta addu'a kada ya matse hannu.

Unguwar tana da nata ƙamshin da ba a saya. A kan iyakarta ta kudu, wajen Crossley Road, akwai masana'antar biskit ta McVitie's da ta haura shekara ɗari a wurin. In iska ta kaɗo ta wannan ɓangare da safe, titin gaba ɗaya sai ya ɗauki ƙamshin gashi da sukari, mai jiran bas cikin yayyafi ya ji ransa ya ɗan yi sanyi. Mai azumi ne kawai ba ya gode mata.

A cikin gida kuwa ƙamshin na turaren wuta ne, kuma nan ne daɗi da haɗari suka fi kusantar juna. Matar Bahaushe ba ta jin ɗaki ya zama nata sai hayaƙin hawi ko sandal ya kama labule. A gida kasko ne da garwashi, a tsakar gida mai iska. A nan gidan a rufe yake ruf, kuma tun Oktoban 2015 doka ta wajabta wa masu ba da haya a Ingila su sa ƙararrawar hayaƙi a kowane bene. Ana zuba turare, sai silin ya ɓarke da ƙara mai huda kunne. Uwar gida ta ɗauki tawul tana fifita, yara suna dariya, maƙwabciya Baturiya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko lafiya. Wannan abin raha ne. Wanda ba na raha ba shi ne dabarar da wasu ke yi, su zare batirin ko su rufe na'urar da safa, su manta. Mafi muni kuma shi ne shigo da gawayi mai ci cikin ɗaki, don turare ko don gashi ko don jin ɗumi. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari ko launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, ta ƙare da barcin da ba a tashi. Kaskon lantarki ya rage wannan, ko da yake tsofaffin hannu sun dage cewa ƙamshinsa bai kai na garwashi ba, kuma da gaskiyarsu.

Sanyi shi ne ubangidan kowa. Wanda ya saba da hunturun Kano ya ɗauka ya san sanyi, sai ya tarar da wani iri mai jiƙa, mai shiga ƙashi, mai wata biyar bai gaji ba. Wuta ba a ɗauke ta a nan, ruwa ba ya yankewa. Na famfon Manchester daga tabkunan arewa yake gangarowa, na Birmingham daga tsaunukan Wales, mai laushi ne, shayi yana daɗi da shi, kuma wanda ya taɓa jiran ɗan ga-ruwa ba ya raina wannan ni'ima. Amma gidan haya da yawa suna da mitar da ake loda wa kuɗi, kuma ita ba ta san dare ba. Tana iya ƙarewa ana tsakiyar wanka, maigida ya zura riga a kan kayan barci ya fita neman shagon da bai rufe ba. Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, mutane suka koma kunna hita awa ɗaya da safe, awa ɗaya da dare, su toshe kowace kafa, su shanya wanki a ɗaki. Abin da ke biyo baya shi ne baƙar fumfuna a kusurwar bango da bayan kabad.

An daɗe ana ɗaukar fumfunar nan a matsayin ƙazantar da za a goge da tsumma. Sai da Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale a Disamban 2020, binciken kotu kuma ya tabbatar a Nuwamban 2022 cewa fumfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi, bayan iyayen sun yi ta kai kuka. Rochdale ba ta da nisa da nan. Daga baya aka yi doka da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025, tana tilasta wa hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da gidaje su gyara irin wannan cikin ƙayyadadden lokaci. Sabon zuwa da ke haya a hannun ɗan kasuwa, wanda bizarsa ke rataye da aikinsa, har yanzu yakan zaɓi ya yi shiru ya sayi ruwan goge bango. Ga tari da mura kuwa, kwalbar Robb tana nan a kowace jaka, an ɗauko ta tun daga gida, ba tare da an lura cewa kamfanin da ke yin ta, PZ Cussons, a Manchester hedikwatarsa take ba.

Bayan gida akwai lungu, a lungu akwai mazuban shara huɗu, kowanne da launinsa: toka-toka na sharar gama-gari, shuɗi na takarda da kwali, ruwan ƙasa na kwalba da gwangwani, kore na ragowar abinci da ciyawa. Sabon zuwa yakan yi wata guda kafin ya gane wanne ake fitarwa a wane mako, kuma in ya cakuɗa, a bar masa kayansa da takardar gargaɗi a manne. Ana gunaguni a kan wannan, har ranar da aka ga abin da rashinsa ke jawowa. A Maris na 2025 masu kwashe shara a Birmingham suka shiga yajin aiki, kafin ƙarshen watan hukumar birnin ta ayyana halin gaggawa da kimanin tan 17,000 na shara jibge a tituna. Hotunan ɓeraye da tulin baƙaƙen ledoji a Small Heath da Sparkbrook suka isa wayoyin Kano, 'yan'uwa suka samu abin tsokana: ashe ku ma kuna da bola?

Ita kanta Levenshulme ba ta tsaya jiran kowa ba. Tsohon wurin ninƙaya na Barlow Road ya rufe a 2016, aka buɗe sabuwar cibiyar Arcadia da ta haɗa wurin ninƙaya da ɗakin karatu. Tsohon ɗakin karatun na Cromwell Grove, wanda aka gina a 1904 da kuɗin Andrew Carnegie, inda shahararren mai zanen gine-gine Norman Foster ya yi karatun ƙuruciya, ya koma hannun mutanen unguwa suna taruka a ciki. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ta Fallowfield ta zama hanyar keke da masu tattaki. Shagunan kofi masu tsada sun shigo tsakanin masu gasa kaza da masu sayar da tsofaffin kujeru, kuɗin haya ya bi su. Waɗanda suka zo da yawa daga Nijeriya tsakanin 2021 da 2023, ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi, da dama sun tarar unguwar ta fi ƙarfin aljihunsu, suka gangara Gorton da Openshaw. Daga 2024 kuma aka hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula zuwa da iyali. Su sababbin zuwan nan ba su san kati ba, ba su san kaset ba, suna sauka daga jirgi da taswira a waya da zauren 'yan gari da zai nuna masu ɗaki. Abin da ba su da shi shi ne lokaci. Aikin awa goma sha biyu ne, wani na dare wani na rana, mata da miji suna haɗuwa a bakin ƙofa. Dattijon da ya zarge su da rashin zumunci ya manta cewa shi da tallafin karatu ya zo, Asabar da Lahadinsa nasa ne.

Akwai kuma rana, wadda ba a taɓa tunanin za a yi kewarta ba. A watan Disamba ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk suna cunkushe cikin awa huɗu, a tsakiyar lokacin aiki, sai mutum ya nemi lungun ofis ko ɗakin ajiya ya shimfiɗa kwali. Hukumar lafiya ta NHS tana ba masu duhun fata shawarar shan ƙwayar bitamin D duk shekara, domin hasken ƙasar bai isa jikinsu ya haɗa nasa ba, kuma ciwon gaɓoɓi da gajiyar da wasu ke danganta wa da sammu ko iska sau da yawa daga nan suke. Da safe raɓa ta daskare a kan dakalin titi ba a ganin ta, takalmin da aka sayo a kasuwar Sabon Gari ya kwashe mai shi a gaban 'yan makaranta. Agogo ma ba ya zama wuri ɗaya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Ingila da na Nijeriya ɗaya ne, sauran watannin Ingila tana baya da awa guda, kuma sau biyu a shekara sai an sami wanda ya iso masallaci ko wurin aiki a lokacin da ba shi ba.

Azumi ne ke nuna wannan juyi fiye da komai. A 2015 da 2016 Ramadan ya faɗo a Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, aka yi azumin awa goma sha takwas zuwa sha tara. A sha ruwa, a yi magariba, a ci abinci a gurguje, a yi isha'i da tarawihi, kafin a kwanta sahur ya kawo jiki, da safe kuma aiki na jira. Waɗanda suka yi shi suna ba da labarinsa kamar na yaƙi. Amma suna kuma tuna cewa a wancan lokaci kowa ya tashi daga aiki kafin magariba, don haka buɗa-baki na taro ne, a masallaci ko a gidan wani, da kunun gyaɗa da ƙosai, Sallar Idi kuma a filin Platt Fields ko na Small Heath cikin hasken bazara, manyan riguna suna kaɗawa ba tare da kot a kansu ba.

Watan yana ja da baya kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. A 2025 ya kama a farkon Maris, a 2030 kuwa sau biyu zai zo, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Azumin zai yi gajarta har yaran firamare su riƙa gasar kai shi, tsofaffi da masu ciwon sukari su sami sauƙi. Sai dai ƙarfe huɗu saura lokacin ɗauko yara daga makaranta ne, lokacin da ma'aikaciyar jinya ke tsakiyar zagayen marasa lafiya, direban tasi yana cikin cunkoso. Da yawa za su sha ruwa a tsaye, da dabino uku da gorar ruwa daga aljihun kot, kunun ya jira sai an koma gida. Masu shirya buɗa-bakin taro dole su koma Asabar da Lahadi, masu shirya Idi a fili kuma su nemi zauren haya mai hita, don ba mai shimfiɗa darduma a kan daskararriyar ciyawa a watan Fabrairu.